Don Allah wace tab zan saya? iPad ta hannu, Fire, ko sabuwa a kwali

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Masana waya da kwamfuta na gidan nan ku agaza min kafin in jefa kuɗina a rijiya. An ɗauke ni aikin wucin gadi na tattara bayanai a ƙauyuka, wata uku, kuma sharaɗin shi ne kowa ya zo da na'urarsa. Wayata ta tsufa, cajinta ba ya kai azahar, shi ya sa na ce gara in sayi tab, in aiki ya ƙare yara su ci gaba da karatu da ita. Abu uku ne a gabana. Akwai iPad ta hannu da maƙwabciyata za ta sayar, fes da ita. Akwai Amazon Fire da ƙanin maigidana ya zo da ita daga waje, ya ce in ba shi ko nawa ne. Sai wata sabuwa dal a kwali da na gani a kasuwa, an rubuta Android 13, ram 12, ma'adana 512, har da kyautar kibod da alƙalami da jaka, kuma duk ta fi araha. Ni dai raina ya fi kwanciya da iPad ɗin.

Kawu Direba: Wa alaikumus salam. Ɗauki iPad ƙanwata, ai babba babba ne.

Injiniya: Kawu a dakata tukuna. Hajiya, da wace manhaja aka ce za ku yi aikin? Sunanta nake so, yadda aka rubuta muku a takarda.

Maman Biyu: KoboCollect aka rubuta. Kuma an ce kowane gida muka shiga sai mun ɗauki lambar wurin da GPS.

Injiniya: To shi ke nan, iPad ta fita daga lissafi. KoboCollect ta Android ce kaɗai, ita da 'yar uwarta ODK Collect wadda aka gina ta a kanta. Ko iPad ɗin da ta fito jiya kika saya ba za ki same ta a App Store ba. Akwai hanyar cike fom ɗin ta birawuza, tana yi a iPad, amma sai in masu aikin sun yarda da hakan, kuma ranar da abu ya cije miki a ƙauye babu wanda zai iya taimaka miki saboda kowa na kusa da ke Android ce a hannunsa. Ki juya bayan iPad ɗin, can ƙasa akwai ƙananan rubutu, za ki ga lamba mai farawa da A. Turo mana.

Maman Biyu: Bari in aika yaro ya dubo. Ya ce A1474.

Injiniya: Wannan iPad Air ce ta farko, ta 2013, kuma wadda ba ta cin layi. Matsala biyu ke nan. Ta ɗaya, iPad ɗin da ba ta cin layi ba ta da GPS a cikinta, da wayifayin da ke kusa take laluben inda take, a ƙauye kuwa wayifayin wa za ta laluba? Ta biyu, wannan samfurin ya tsaya a iOS 12, wato zubi na 12 na tsarin da ke tafiyar da iPad, ba ya gaba. Duk manhajar da ta ce sai 15 ko 16 zuwa sama, sai dai ki gan ta a hoto.

Anti Malama: Wannan magana ta Injiniya gaskiya ce. Mutane suna ganin gilashi ba tsaga, baya ba ƙwarzane, sai su ce sabuwa ce. Tsufan waɗannan na'urori ba a fuska yake ba. Ko WhatsApp ma, sai a watan Mayun 2025 suka fitar da ta iPad, bayan shekara da shekaru ana roƙonsu, kuma sai mai 15.1 zuwa sama take hawa. Wato iPad Air 2 ta 2014 ta sha da ƙyar tunda ta kai 15, amma wannan ta maƙwabciyarki ba ta ciki. Kuma ko ta hau, jona ta ake yi da WhatsApp ɗin da ke kan wayarki.

Kawu Direba: Ikon Allah. Ni fa na ɗauka duk abin da ke da tambarin tuffar nan ya gama haɗuwa.

Oga Mai Gyara: Salamu alaikum, yanzu na rufe shago na ga ana ta yi. Hajiya, maganar iPad na bi Injiniya. Amma Fire ɗin nan kada a tsorata ki da ita, tunda kusan kyauta ce ki karɓa. Asalinta Android ce, Amazon suka yi mata riga suka kira ta Fire OS, suka cire Play Store suka sa kantinsu. Fayil huɗu kawai ake saka mata bi da bi: Google Account Manager, Google Services Framework, Google Play Services, sai Play Store ɗin kansa a ƙarshe. A kashe a kunna, shi ke nan ta zama 'yar gari. Minti ashirin bai cika ba nake gamawa. YouTube, Gmail, duk su hau. Na yi wa mutane ba adadi.

Injiniya: Oga, za ta hau ɗin, ban musa ba. GPS fa? A wane fayil ɗin yake cikin huɗun?

Oga Mai Gyara: Hahaha, ka kama ni a nan. Fire 7 da HD 8 da HD 10 ba su da shi, kuma ba sa cin layi. Na mance da maganar lambar gidaje. To amma don yara da kallo da karatun Alƙur'ani babu abin da ya same ta.

Injiniya: Ka ga inda muke saɓawa da ku ke nan kullum. Ku a wajenku komai ana iya yi masa dabara. Ni kuma ina duba ranar da dabarar za ta kwance. Ka saka mata Play Store yau, gobe na'urar ta sabunta kanta cikin dare, wani abu ya daina buɗewa, ita kuma tana wani ƙauye mai tafiyar awa uku daga shagonka, shugaban aiki yana jiran fom talatin kafin magariba. Wa zai gyara? Abin da za ka ci abinci da shi ba a gina shi a kan dabara.

Oga Mai Gyara: Injiniya kana magana kamar kowa albashinka yake ɗauka. Mutanen da suke zuwa wajena ba zaɓi suke yi tsakanin mai kyau da mafi kyau ba. Abin da ɗan uwa ya aiko ko abin da aljihu ya kai shi ne a hannunsu. In na ce musu su jefar su sayi sabuwa, su ci me? Rabin wayoyin garin nan da dabara suke tafiya, kuma suna tafiya ɗin.

Injiniya: Wanda ya riga ya mallaka, ka yi masa dabara, Allah Ya ba ka lada. Ita Hajiya ba ta saya ba tukuna.

Baban Yara: Ku bar ni in ba ta labarin ta ukun nan, ta cikin kwali, don ni na sha wannan ruwan. Bara da ƙaramar sallah na saya wa yarana irinta. Kwali mai sheƙi, an zana jirgin sama a jiki, Android 13, ram kaza, kyamara uku a baya. Da muka zo gida na shiga wajen saiti, lallai ga 13 a rubuce ɓaro-ɓaro. Sai na tashi sauke manhajar makarantarsu, aka ce na'urarka ba ta dace da wannan ba. Na gwada ta bankina, haka. Wani yaro a unguwarmu ya sa mata wata manhaja mai tona asirin na'ura, sai ga shi wai lambar API ɗinta, wadda ke nuna ainihin zubin Android ɗin da ke ciki, 27 ce. Ya ce Baba, wannan 8.1 ce aka canja wa lamba. Ma'adanar da aka ce 512, da hotuna suka kai wajen giga goma sha wani abu sai ta fara cinye na baya. Kyamara ukun kuwa, biyu ado ne, roba ce kawai aka manna. Na koma wajen mai shagon ya ce ai an buɗe leda. Yanzu tana nan ƙaramar 'yata tana buga wasan kifi da ita.

Maman Biyu: Innalillahi. Wallahi wadda na gani ma kyamara uku ce.

Injiniya: Allah Ya mayar da alheri Baban Yara. Abin da yaron nan ya yi shi ne daidai, kuma kowa zai iya. Rubutun da ke cikin saiti layi ɗaya ne a wani fayil, mai haɗa na'urar zai iya rubuta abin da ya ga dama. Amma lambar API ita manhajoji suke tambaya, kuma ita ce ke da wuyar yi wa ƙarya. Android 13 lambarta 33, 12 tana da 31, 11 tana da 30, 10 tana da 29, 9 tana da 28, 8.1 kuma 27. Ki sauke CPU-Z ko AIDA64 ko DevCheck a gaban mai shago ki duba. In kwali ya ce 13, manhaja ta ce 27, ki ajiye masa kayansa ki yi sallama. Sannan ki buɗe Play Store, ki shiga saitinsa, can ƙasa akwai inda ake nuna ko Play Protect ta tantance na'urar. Wadda ba a tantance ba, wasu manhajojin ko a bincike ba za su fito miki ba, Netflix na cikinsu, wasu na banki kuma su hau amma su ƙi buɗewa.

Oga Mai Gyara: A nan kam ba ni da ta cewa, irin waɗannan ko ni ba na karɓar gyaransu. Ka buɗe ciki ka ga batiri kamar na tocila an liƙe da salatif.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa ga jama'a daga Zinder. Ina so in ƙara wani abu da ba a taɓo ba. Akwai tab masu kyau na gaske, na manyan kamfanoni, ba jabu ba, amma waɗanda aka yi don kasuwar cikin Sin. 'Yan kasuwa na kawo su saboda sun fi sauƙin kuɗi. Wani abokina ya taho min da ɗaya. Ƙarfe lafiya, fuska tangaran, sauti kamar rediyon mota. Da na kunna, harshe biyu ne a ciki, Sinanci da Ingilishi. Mu nan da Faransanci muka yi lakwal, ka ga an fara da matsala. Babu Play Store, kantin da ke ciki duk rubutun Sin ne. Na kai aka yi mata fulashin aka sa mata tsarin ƙasashen waje, Faransanci ya zo, Google ya zo, na yi murna. Sai manhajar kuɗi ta ce ba za ta buɗe a na'urar da aka taɓa cikinta ba. Na gudu daga gara na faɗa gidan zago.

Injiniya: Saboda kafin a yi fulashin ɗin sai an buɗe makullin da ke tsare tsarin na'urar, manhajojin kuɗi kuma suna tambayar Google ko makullin nan yana nan. Oga, ga dabara ta kwance, ba ni na faɗa ba.

Oga Mai Gyara: Akwai yadda ake ɓoye shi ai.

Injiniya: Na wata nawa?

Oga Mai Gyara: Sai abin da Allah Ya yi, hahaha.

Ɗan Damagaram: Wani abu kuma, ga masu rubutu da Hausa. Ni ina buga wa wata makarantar yaƙi da jahilci darussa, dole sai da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, don mu nan ƴ muke sawa inda ku kuke sa 'y. Gboard yana da Hausa da haruffan duka, SwiftKey ma haka. Amma kibod ɗin da ke zuwa da waɗancan na kasuwar Sin bai san da zamanmu ba. Kuma in ka jona kibod na waje mai maɓallai, a nan ma sai ka sake neman yadda za ka fitar da masu lanƙwasar. A gwada kafin a biya.

Anti Malama: Tunda an zo kan Sin, a faɗa mata na Huawei, don suna da yawa a kasuwa kuma suna da kyau a ido. Tun watan Mayun 2019 da gwamnatin Amurka ta sa kamfanin a jerin waɗanda aka hana hulɗa da su, sababbin na'urorinsu ba sa zuwa da kayan Google. Tsofaffin irin su MediaPad T5 da M5 suna da shi, amma su kuma sun tsufa. MatePad da suka biyo baya kantinsu AppGallery ne. Mu da muke amfani da Google Classroom da Meet da Drive a makaranta, duk uwar da ta tambaye ni nakan ce ta duba wannan da farko. Ba aibu ba ne a jikin na'urar, siyasar manya ce ta faɗo kan 'yan makaranta.

Oga Mai Gyara: Manhajar GBox na nan, tana buɗe kayan Google a kansu.

Anti Malama: Oga kai dai ba ka gajiya.

Ɗalibar Jami'a: Don Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda masana na kusa. Ina ajin ƙarshe, an ce sai mun yi lissafin binciken kammalawa da SPSS. Kuɗina ba su kai laftof ba, shi ne nake tunanin tab mai kibod. Zai yiwu?

Injiniya: Ƙanwata, SPSS ta kwamfuta ce, Windows ko Mac. Babu ita a Android, babu a iPad. Haka cikakkiyar AutoCAD, haka Microsoft Access. Excel yana nan a tab, amma ba ya tafiyar da makro, to in malaminku ya ba ku fayil mai maɓallin da ake dannawa ya yi lissafi da kansa, zai buɗe amma maɓallin ba zai motsa ba. Ga wani tarko da mutane ba su sani ba: Word da Excel kyauta ne a yi rubutu da su in fuskar na'urar ba ta wuce inci 10.1 ba. Ta wuce haka, karantawa kawai za ki yi, gyara sai da kuɗin Microsoft 365. iPad ta gama-gari, daga ta 2019 zuwa ta 2021, inci 10.2 ce. Ɗigon nan ɗaya shi ne ya raba ki da kyauta. Google Docs dai ba ruwansa da faɗin fuska.

Ɗalibar Jami'a: To Surface fa Yaya? Na ga ana sayar da na hannu, an ce Windows ce a ciki.

Injiniya: Ita kam kwamfuta ce a rigar tab, amma ki buɗe ido wajen suna. In kika ga RT, ko Surface 2 wadda babu Pro a sunanta, ki wuce. Na 2012 da 2013 ne, fuskarsu Windows amma ba sa karɓar manhajar kwamfuta ko ɗaya sai ta kantinsu, kantin kuma ya zama kufai. Pro X ta 2019 ma injinta irin na waya ne, wasu manhajoji da direbobin firinta ba sa jituwa da ita. Pro 4 da Pro ta 2017 suna tafiyar da SPSS lafiya, sai dai a hukumance ba sa hawa Windows 11, ita kuma Windows 10 Microsoft ta janye mata tallafi tun 14 ga Oktoban 2025. Daga Pro 6 zuwa sama ne hankali kwance. Ni a ganina, da kuɗin da za ki sa a tsohuwar Surface mai kumburarren batiri, gara laftof ta hannu mai kauri. Ba ta da kyan gani a aji, amma za ta kai ki ranar kare bincike.

Kawu Direba: Ni duk kun rikita ni. Tambaya ɗaya, tab ɗin da ke cin layi ana kira da ita?

Oga Mai Gyara: Ba duka ba Kawu. iPad mai cin layi data kawai take ja. Ba za ka kira da layin ba, saƙon banki mai lambar sirri ba zai shigo maka yadda yake shigowa waya ba, kuma babu inda za ka danna *310# ka ga kuɗinka, balle lambar tiransifa. A Android wasu suna kira wasu ba sa yi, ko a kamfani ɗaya. Ka sa layinka a shagon ka kira lambar mai shagon, in aljihunsa ya yi ƙara to.

Hajiya Babba: Ni nasihata ga masu sayen ta hannu ce. Jikana ya sayi wata a wajen wani a tasha, da ya zo gida ya goge ta don ta zama tasa, sai ta tashi tana neman imel da kalmar sirrin mai ita na farko. Mai sayarwa ya kashe waya. Har yau tana cikin durowa. Ku sa mai ita ya cire asusunsa a gabanku, a goge ta a gabanku, a kunna ta a gabanku.

Oga Mai Gyara: Gaskiya ne Mama. Kullen iCloud, wato na asusun Apple, tun 2013 yake, kuma shi ne abu ɗaya da nake cewa mutum ya haƙura. Masu cewa suna cirewa, rufa-rufa ce. Android ma tana da irin nata kullen na asusun Google. Akwai kuma waɗanda suka fito daga makarantu da kamfanonin Turai, da ka goge su ka jona intanet sai su nuna sunan wata ma'aikata su ce ita ke iko da su.

Injiniya: Alhamdu lillahi, yau Oga ya ce akwai abin da ba shi da dabara. A rubuta ranar.

Maman Biyu: Kai, Allah Ya saka muku da alheri, na sha karatu. Wato duka ukun babu ta ɗauka ke nan. To me zan nema?

Injiniya: Android ta kamfanin da aka sani, Samsung ko Lenovo ko makamantansu, wadda aka yi don kasuwar duniya, mai cin layi, mai GPS, ram kada ya gaza 4. In kika ga an rubuta Go a gaban Android ɗin, wannan an rage mata kaya ne don ƙananan na'urori, ki tsallake. Ki rubuta manhajojinki a takarda, KoboCollect, WhatsApp, ta bankinki, ta makarantar yara, ki tafi da data a wayarki ki ba ta wayifayi, a sauke su ɗaya bayan ɗaya kina tsaye. Ki fito da ita waje ƙarƙashin sarari ki ga ko taswira ta gano inda kike bayan kin kashe wayifayin. Mai shagon da ya ƙi yarda da gwaji ya riga ya ba ki amsa.

Oga Mai Gyara: Fire ɗin kuma kada ki bar ta ta wuce, ki karɓa wa yara ki kawo in saka musu kaya. Kin ga sun bar miki taki ta huta.

Maman Biyu: Na dawo da rahoto. Jiya na shiga kasuwa da takardata. Shago na farko ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, na yi gaba. Na biyu yaro ne mai haƙuri, ya buɗe min wata ta hannu mai cin layi, muka sauke komai, API ta nuna 33, na kira shi aljihunsa ya yi ƙara kamar yadda Oga ya ce, har ya yi dariya ya ce Hajiya wa ya koya miki. Ta fi ta kwalin tsada, kuma babu kyautar jaka. GPS ɗin ya ɗan yi nawa a cikin rumfa, sai da na fito bakin titi ya kama. Maƙwabciyata dai ta ɗan yi fushi da na mayar mata da iPad ɗinta.

Kawu Direba: Ki tambaye ta nawa za ta bar min. Ni kallon wa'azi kawai zan yi da ita.

Anti Malama: Kawu, kafin ka biya ka sa a buɗe maka YouTube ɗin a kanta ka gani tukuna.